Ga Masu Sammakon Ɗaukar Hoton Fitowar Rana a Hunturu

Da hunturu ya kama, za ka ga matasa da asuba a saman Dutsen Dala da Goron Dutse a Kano, ko Kufena a Zariya, kowa da waya ko kyamara, ana dakon rana ta ɓullo. Abin sha'awa ne, amma mu sani cewa ƙurar da ke ƙawata hoton ita ce kuma ke cutar da mai ɗaukarsa.

Galibin ƙurar nan daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi iska ke kwaso ta. Sa'ad da rana ke gindin sama, haskenta na ratsa iska mai kauri, launin shuɗi ya watse a hanya, ja da ruwan goro su iso ido. Sai dai ba kowace safiya ke bayar da haka ba. Ranar da hazo ya yi yawa, rana ba ta bayyana sai hantsi ya kusa, ta fito fara fat. Saboda haka ka duba sama tun da dare: in taurari sun fito tar, akwai alamar sammakonka ba zai tashi a banza ba.

A Kano, daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu, rana na fitowa tsakanin 6:40 da 6:50, ta ɗan karkata kudu maso gabas. Mafi kyawun launi kuwa yana zuwa kamar minti 20 kafin nan. Wanda ya fito bayan sallar asuba zai isa a kan kari, babu dalilin fita cikin duhun dare.

Babban haɗari yana ga ido. Hazo na rage ƙyallin rana har mutum ya iya zuba mata ido bai ƙifta ba, alhali hasken na iya ƙona can cikin ido, wurin da ke karɓar gani. Ƙunar ba ta da zafi nan take. Sai bayan sa'o'i mutum ya ga wani ɗigo ya tsaya tsakiyar ganinsa, wani lokaci ba ya gushewa. Kada ka leƙa rana ta ramin kyamara, balle mai gilashin jawo nesa. Ka duba ta allo kawai.

Sai ƙirji. Ƙurar hunturu lallausa ce, tana shiga har huhu. Sa takunkumi da rigar sanyi, ka rufe kunne, ka shafa man kaɗanya a leɓe da hannu. Mai asma kada ya fita ba maganin shaƙarsa a aljihu, ranar hazo mai yawa kuwa ya haƙura.

Kayan aiki ma na jin jiki. Sanyi na sa batir saurin mutuwa, don haka ka cika caji, ka ajiye wayar a aljihun ciki. Kada ka goge gilashi da bakin riga, domin ƙurar za ta karce shi. A fara kaɗe ta, sannan a sa ƙyalle mai laushi.

Kada ka je kai kaɗai. Masu ƙwacen waya sun san lokacin da unguwa ke shiru. Ku tafi ku uku ko huɗu, ku faɗa a gida inda za ku. Mai abin hawa ya kunna fitila, ya rage gudu. A saman dutse, ka dubi inda za ka sa ƙafa kafin ka ja da baya neman hoto.

Daga tudu ana hango tsakar gidajen mutane. Ka kawar da kyamara daga kan iyalin wani, ka nemi izini kafin ka ɗauki kowa, ka kuma nisanci barikin soja da filin jirgin sama. Iyaye da yayye, ku isar da wannan ga yaran da kuka ga sun fara wannan sammako.