Ɗakin Bariki Aro Ne

 Yau daga Yalwawa nake muku magana, a nan cikin Dutse.

Mahaifina soja ne, a barikin Bukavu da ke Kano na tashi. Mutane na cewa ai iyalan soja sun huta, ba sa biyan haya. Gaskiya ne, amma fa ɗakin nan aro ne, iyakarsa iyakar aiki. Da Baba ya yi ritaya, haka muka kwashe kaya muka miƙa mukulli, ba mu da ko fili.

Wanda bai samu ɗaki a bariki ba, sai haya a gari. Dutse kuwa, tun da ta zama babban birnin jiha a 1991, aka kuma buɗe jami'ar tarayya a 2011, masu neman gida sai ƙaruwa suke. Mai gida kuɗin shekara yake so a dunƙule, ga la'adar dillali. In aka canza wa soja wurin aiki bayan wata huɗu, ko ya bar iyali a baya, ko sauran kuɗin ya bi ruwa.

Shi ya sa rundunar sojan ƙasa ta ɓullo da shirin AHOOAS, don ƙaramin soja ma ya mallaki gidan kansa.

To ɗan'uwa, in kana shirin shiga soja, fara tanadin muhalli tun albashin farko. Sai mun haɗu a shiri na gaba.