Takalmin mai keke a damina: abubuwa tara masu ban mamaki

Daga Yuni zuwa Satumba, duk mai hawa keke a ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma ya san abin da ƙafa ke sha, ɗalibi ne mai sammakon zuwa Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ma'aikaci ne a Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ko manomi mai gona a gefen madatsar ruwa ta Zobe. Ga abubuwa tara da ya kamata ya sani kafin ya fitar da kuɗinsa.

1. Sanyinmu da ruwanmu ba sa zuwa tare. A Turai ruwa da sanyi tafiyarsu ɗaya, shi ya sa suke cusa wa takalmansu gashi ko soso a ciki. Mu kuwa hunturun Disamba da Janairu busasshe ne ƙayau, malkar Agusta kuma da ɗuminta, sai ɗan sanyin asuba. Wanda ya ɗauko irin wancan takalmi a gwanjo, gumi zai yi ta fama da shi.

2. Ƙafa na yin ruwan kanta. Ƙafafun mutum biyu na da kafofin gumi kusan 250,000. Takalmin roba mai dogon wuya yana tare ruwan sama sarai, amma yana tare gumi a ciki, sai a isa wurin aiki da jiƙaƙƙiyar safa ko da ɗigo ɗaya bai shiga ba.

3. Ruwan da ya fi jiƙa ƙafa daga ƙasa yake tasowa. Tayar gaba ce ke kwasar ruwa da laka tana watsa wa feda. Keke mai cikakken madigadi, wanda mai gyara ya ƙara wa guntun roba a ƙasa, ya fi takalmi mai tsada kare ƙafa. Sauran ruwan kuma ta ƙafar wando yake gangarowa ya shige ta wuyan takalmi, don haka wando ya rufe takalmin, kada a cusa shi ciki.

4. Takalmin ruwa da fata ya fara. Wanda Turawan Ingila ke kira da sunan jarumin yaƙinsu Wellington, asalinsa na fata ne. Sai da Charles Goodyear ya gano dafa roba da farar wuta, ya yi rajistar dabarar a 1844, sannan Hiram Hutchinson ya fara yin na roba a Faransa a 1853. Tayar keke mai iska ma daga baya ta zo, a 1888, daga hannun wani likitan dabbobi, John Boyd Dunlop, da ya yi wa keken ɗansa.

5. Akwai yadi mai huda bila adadin, amma ruwa ba ya ratsa shi. Bob Gore ne ya gano shi a Amurka a 1969, ana kiransa Gore-Tex. Kowace huda ta fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau 20,000, amma ta ishi tururin gumi ya fita. Sharaɗinsa tsafta: laka na toshe bayan takalmin da aka yi da shi, numfashinsa ya tsaya.

6. Ruwa ya fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki kusan sau 25. Shi ya sa yatsu ke sandarewa da safe bayan ruwan dare. Safar auduga in ta jiƙe ta zama nauyi, ta ulu kuwa tana shan ruwa har kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinta ba tare da ta daina ɗumama ƙafa ba.

7. Takalmin tsohuwar taya ya je yaƙi. Da shi sojojin Ho Chi Minh suka ratsa dazuzzukan Vietnam masu ruwa, a Kenya ma makiyaya na sa shi. Ba ya tare ruwa, amma ba ya riƙe shi, kuma ƙasansa na kama feda. Silifas kuwa lanƙwashewa yake yi, yana santsi, yana iya zamewa daidai lokacin da ake neman birki.

8. Akwai takalmin da ke maƙalewa jikin feda. Kamfanin Look na Faransa ya fito da irin wannan feda a 1984, Bernard Hinault ya ci babban tseren keke na Faransa da ita a 1985, Shimano ya kawo wanda ake iya tafiya da shi a ƙasa a 1990. Na 'yan tsere ne. Mai tsayawa gaisuwa, mai shiga masallaci, mai tura keke a yashin rafi, takalmin da ake cirewa nan take ya fi masa. Igiyar takalmi ma in ta yi tsawo, sarƙar keke na iya cafke ta.

9. Jiƙaƙƙiyar ƙafa ta kwantar da dubban sojoji. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, tsayuwa cikin ramuka masu ruwa ta ruɓar da ƙafafun sojojin Ingila, har aka umarce su da sauya safa da shafa man kifin whale. A nan, cin ruwa tsakanin yatsu ne abin gudu. A wanke ƙafa, a tsane ta, a ajiye busasshiyar safa a leda. Takalmi kuma a cusa masa tsohuwar jarida ya kwana inda iska ke ratsawa. Kada a kanga na fata a wuta, tsagewa zai yi. A shafe shi da man kaɗanya ko kakin zuma, musamman wajen ɗinki.

In ka shiga kasuwa, lanƙwasa takalmin da hannu: in ya naɗe kamar tabarma, ajiye shi. Duba ƙasansa ko yana da zane mai zurfi, duba ɗinkinsa, ka gwada shi da safar da za ka riƙa sawa, da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Sauran canjin kuma a kai wa mai gyaran keke ya ɗaura madigadi.