Ko Kun Sani?

Ko kun san batirin wayar salula mai mAh 5,000, irin wanda ake sayarwa a Babbar Kasuwar Maraɗi, ya fi batirin wasu ƙananan mutum-mutumin dambe yawan mAh, amma ba zai iya aikinsu ba? A gasar damben mutum-mutumi ta BattleBots a Amurka, karawa ba ta wuce minti 3, don haka masu ƙera su suna duba saurin fitar da wuta kafin komai. Yawancinsu batirin LiPo suke zaɓa, wanda kowane ɗakinsa ke ɗaukar bolt 4.2 in ya cika. Lambar "C" da ke jikinsa, mai nuna saurin fitar da wuta, ita ce sirrin: mai mAh 2,200 da 50C an yi shi ne ya ba da amfiya 110, ya ƙare cikin daƙiƙa 72. Batirin waya kuwa a hankali yake sakin wutarsa tsawon yini. Dukansu dangin lithium ne, huda ko zafi na iya sa su kama wuta. Mutanen Maraɗi, Tibiri da Jiratawa, kada ku bar batiri a rana lokacin bazara, kuma ku daina cajin wanda ya kumbura.