Labarin OneCoin Da Yadda Ake Gane Sulallan Intanet Na Jabu

Ga wani labari da ya kamata mai dukiya ya ji tun ba a kawo masa tallan sulallan intanet ba.

A shekarar 2014 wata mace mai suna Ruja Ignatova ta kafa kamfani a Sofiya, babban birnin Bulgariya, ta fito da sulallan da ta raɗa wa suna OneCoin, ta ce su ne za su binne Bitcoin. A 2016 ta tara jama'a a zauren Wembley na Landan, ana ta tafi. Kuɗin da aka zuba mata daga ƙasashen duniya ya haura dala biliyan 4.

To, ina aibin yake? Sulalla irin na Bitcoin suna da littafin lissafi buɗaɗɗe, wanda dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, kowa na iya duba abin da ya shiga da abin da ya fita. OneCoin kuwa ba shi da irin wannan littafi. Lambobi ne kurum cikin kwamfutar kamfani, kuma kamfanin ne ke yanka farashi, ya ce yau ya tashi. Wane falke ne zai yarda mai sayar masa da goro shi ne zai riƙe huhun, shi ne zai ƙirga, sa'an nan ya hana a kwance a gani?

Har wa yau babu kasuwar da ke karɓarsa sai tasu, ita ma suka rufe ta a Janairun 2017. Ribar da mutane suka gani a hannu ladan jawo sababbin masu saye ce, watau kuɗin na baya ake ba na gaba. Malamai sun san hukuncin garari, kamar sayar da kifi yana cikin ruwa. Nan kuwa ko kifin babu.

Saboda haka in an zo maka da talla, tambayi inda littafin yake, ka sa yaro mai ilmin kwamfuta wanda ba ya cikinsu ya duba. Tambayi ko za ka iya sayarwa yau ga wanda bai san kamfanin ba, ka karɓi kuɗinka. In an yi maka alkawarin riba tabbatacciya, ko aka ce sai ka kawo 'yan'uwanka, ka tsuke bakin jakarka, ko da mai tallan aminin ka ne, domin sau da yawa shi ma ruɗarsa aka yi.

Ita Ruja ta hau jirgi zuwa Atina a Oktoban 2017, ta ɓace. A 2022 hukumar FBI ta Amurka ta sa ta cikin mutum goma da take nema ruwa a jallo. Abokin aikinta Karl Sebastian Greenwood kuwa, kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 20 a 2023.