Ƙashin da ba a gani: Yadda ake ɗaura wa ’yan katun gaɓoɓi kafin su fito a talabijin

A gidajen Minna, daga Bosso zuwa Tunga har Chanchaga, kamar yadda yake a sauran biranen Arewa, yawancin katun ɗin da yara ke kallo daga ƙasashen waje ake shigo da su. Masu iya zane ba su yi ƙaranci a Nijeriya ba, haka ma marubuta labari da masu murya. Inda aikin ya fi tsayawa shi ne wani mataki da ke tsakanin zane da motsi, wanda masu sana’ar ke kira rigin, wato ɗaura wa ɗan katun ƙasusuwa da gaɓoɓi a cikin kwamfuta domin a iya motsa shi. Mai kallo ba ya ganin wannan aiki ko kaɗan, amma shi ne ke yanke ko shiri zai kai kashi 26 ko zai mutu a kashi na biyu.

Lissafi kaɗan zai nuna dalili. Talabijin a Nijeriya yana nuna hotuna 25 a kowace daƙiƙa. Kashi ɗaya na minti 11 yana cin hotuna 16,500, zango mai kashi 26 kuwa hotuna 429,000. Ko da an bi dabarar da aka saba ta barin kowane zane ya tsaya sau biyu, rabin wannan adadi ya fi ƙarfin ƙaramin kamfani. Shi ya sa tun a shekarun 1950 da 1960 kamfanin Hanna-Barbera na Amurka ya riƙa raba jikin ɗan katun gida-gida, a bar gangar jiki a tsaye, a motsa kai ko baki kawai. Kwalar da ke wuyan Yogi Bear ma aikinta ke nan, ta ɓoye wurin da kai ya rabu da jiki. Rigin na kwamfuta jikan wannan dabara ne: a gina ɗan wasan sau ɗaya, a yi ta amfani da shi shekara da shekaru.

Aikin yana farawa ne bayan mai ƙira ya gama siffar ɗan katun. A wannan lokaci siffar tamkar mutum-mutumin yumɓu take, fata ce kawai da aka saƙa da dubban ɗigo, ba ta lanƙwasuwa. Mai rigin zai shigar da ƙwarangwal a cikinta, ya jera ƙasusuwan bisa tsarin uwa da ’ya’ya: ƙugu ne tushe, daga shi kashin baya ya tashi, kafaɗa ta rataya a kashin baya, damtse a kafaɗa, har zuwa yatsu. Idan uwa ta motsa, ’ya’yanta duka su bi ta. Idan ’ya ta motsa, uwa tana nan inda take. Jikin baligi yana da ƙasusuwa 206, amma ɗan katun ba ya buƙatar dukkansu. Ƙwarangwal ɗin da manhajar Mixamo ta kamfanin Adobe ke sakawa da kanta yana da kimanin 65, kuma fiye da rabinsu a yatsun hannu suke.

Mataki na biyu shi ne rabon nauyi, kuma shi ne mafi cin rai. Dole a faɗa wa kowane ɗigo na fata ƙashin da zai bi, da gwargwadon yadda zai bi shi. Ɗigon da ke tsakiyar damtse yana bin ƙashi ɗaya ɗari bisa ɗari, amma wanda ke gwiwar hannu sai a raba shi tsakanin ƙashi biyu. Idan rabon bai yi daidai ba, gwiwar hannu za ta matse kamar tiyon ruwa da aka naɗe, ko kuma a ɗaga hannu a ga haƙarƙari ya biyo shi. Mai rigin kan shafe kwanaki yana lanƙwasa kafaɗa ɗaya yana gyarawa.

Daga nan sai linzamai. Mai motsa hoto ba ya taɓa ƙashi kai tsaye. Wasu zobba da alamu ake ɗora masa a kewayen jiki, su yake ja. Hanya biyu ce ake bi wajen motsa gaɓa. Ta farko, a juya kafaɗa, sannan gwiwar hannu, sannan wuyan hannu, ɗaya bayan ɗaya, kuma ita ta fi dacewa da hannun da ke lilo a iska. Ta biyu, a kama tafin hannu ko tafin ƙafa a ajiye inda ake so, kwamfuta ta lissafa yadda sauran gaɓoɓin za su lanƙwashe. Da wannan ta biyun ce ƙafa ke kafewa a ƙasa idan ɗan katun ya tsuguna, maimakon ta nutse cikin daɓe. Rigin mai kyau yana ba da damar sauyawa tsakanin hanyoyin biyu a tsakiyar motsi. A fim ɗin Toy Story na 1995, Woody yana da irin waɗannan linzamai sama da 700, fiye da 200 daga ciki a fuskarsa kaɗai.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan tunani ba ce. Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane a Afirka ta Yamma. Ya ƙaro sani a Kanada a wajen Norman McLaren, ya yi Bon Voyage Sim a 1966, sannan Samba le Grand a 1977 da ’yan tsana waɗanda ake motsawa kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto. Ya zauna a Tawa, kuma fim ɗinsa Kokoa gasar kokawa ce tsakanin dabbobi. Irin waɗannan ’yan tsana ana saka musu ƙwarangwal na waya ko ƙarfe a ciki domin su tsaya yadda aka lanƙwasa su, kuma sunan wannan ƙwarangwal ne manhajar Blender ta ara ta sa wa nata ƙasusuwan har yau.

Blender kyauta ce tun 2002, kuma da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya wanda ya ci kyautar Oscar a 2025. Manyan kamfanoni sun fi amfani da Maya, masu zane shimfiɗaɗɗe kuwa Toon Boom Harmony ko Moho, waɗanda sai an biya. Ɗalibin da ke Jami’ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983 take kuma da harabobi a Bosso da Gidan Kwano, zai iya sauke Blender a yau ya sami ƙwarangwal da aka riga aka haɗa, wanda ake kira Rigify. Samun kayan aiki ya zo da sauƙi. Wahalar tana wani wuri daban: waɗannan ƙwarangwal na kyauta an gina su ne domin mutumin da ke sanye da wando da ’yar shat, mai zama a kujera, mai magana da Ingilishi.

Tufafi su ne cikas na farko. Manhajar da ke saka ƙashi da kanta tana neman ta ga hannu biyu da ƙafa biyu a ware. Idan aka ba ta dattijo cikin babbar riga, sai ta manna yadin a damtse da cinya, ya ɗaga hannu rigar ta yage daga gefe. Zani ya fi wannan wuya, domin kyalle ɗaya ne ya lulluɓe ƙafa biyu masu tafiya a saɓanin juna. Akwai hanyar barin kwamfuta ta lissafa yadda yadi ke faɗuwa, amma tana cin lokaci da ƙarfin na’ura, abin da shirin mako-mako ba zai jure ba, balle a garin da ake aiki da lissafin lokacin da wuta za ta zo, duk da cewa madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru a jihar suke. Mafita mai araha ita ce a jera wa rigar nata ƙasusuwan, sarƙa-sarƙa daga kafaɗa zuwa ƙasa, a ƙara wani linzami na musamman domin naɗe hannun riga a kafaɗa. Wannan naɗewar ba ado ba ce kawai. Duk wanda ya san mai babbar riga ya san ba ya minti biyar bai yi ta ba, kuma ɗan katun da ba ya yin ta zai fito kamar wanda aka ara wa kaya. Hijabi da gyale da jelar rawani kowanne da nasa tsarin.

Sai zama da gaisuwa. Durƙuso, tsugunno da tanƙwashe ƙafa a tabarma suna kai gwiwa da ƙugu iyakar lanƙwasuwarsu, inda rabon nauyi na gama-gari ke rushewa, cinya ta shige cikin ƙwauri. Ana gyara wannan da siffofin gyara, waɗanda ke tashi da kansu idan gwiwa ta wuce wani mizani. Shirin da za a yi wa yaran Arewa, wanda yaro zai durƙusa ya gaida kakarsa a kusan kowane kashi, ba shi da hanyar kauce wa wannan aiki.

Baki ma haka. Ba a zana wa kowane harafi siffar leɓe. Akan tara sautuka a rukuni kamar takwas zuwa goma sha biyu. Jadawalin da ake koyarwa a yawancin darussan intanet na Ingilishi ne, kuma a cikinsa sautin “f” yana zuwa da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Bahaushe kuwa da leɓɓa biyu yake furta shi, a wasu yankunan ma ya karkata zuwa “h” ko “hw”. Ɗan katun da ya ciji leɓe yana cewa “fura” ya riga ya tona asirin inda aka ƙera shi. Haka kuma “kw” da “gw” da “ƙw” suna buƙatar leɓe ya dunƙule tun kafin wasali ya fito, dogon wasali kuma yana son baki ya daɗe a buɗe fiye da gajere. Idan za a juya shirin zuwa Nufanci ko Gwaranci, harsunan da ake ji kullum a kasuwannin Minna, sai an sake duba jadawalin, domin suna da sautuka irin “gb” da “kp” waɗanda babu su a Hausa.

Kayan wasa kuwa su ne aka fi rainawa. Duk abin da ke motsi ko ake ɗauka yana buƙatar nasa rigin. Minna mahaɗar layin dogo ce tun zamanin layin Baro zuwa Kano da aka kammala a 1911, don haka jirgin ƙasa misali ne na kusa. Ba a juya ƙafar jirgi da hannu. Ana ɗaure juyawarta da nisan tafiya. Ƙafa mai faɗin rabin mita tana cin kimanin mita 1.57 a kowane zagaye, kuma idan lissafin ya kauce za a ga jirgin yana sulɓi a kan dogo. Haka ake yi wa Keke Napep. Kalangu ya fi su sarƙaƙiya, domin tsirkiyoyinsa dole su matse daidai lokacin da hammata ta danne su.

Abin da ya fi ba da wahala shi ne sauya hannu. Ƙwaryar da ke ƙasa ba ta da uwa. Da aka ɗauke ta sai ta zama ’yar tafin hannu. Da aka miƙa wa wani sai ta koma bin hannunsa. Kowane sauyi yana buƙatar makunni a cikin rigin, in ba haka ba ƙwaryar za ta yi tsalle a hoto ɗaya. A nan ma sanin wuri yana da amfani. Bahaushiya da Bafulatana a ka suke ɗora kaya, don haka tulu ko ƙwaryar nono ƙashin kai za ta bi, wuya kuma ya miƙe. Matan Gwari, waɗanda Minna ƙasarsu ce ta asali, a kafaɗa suke ɗauka, don haka kayan ƙashin kafaɗa zai bi, kai ya ɗan karkata, hannu ɗaya ya tallafe. Wanda ya sauke rigin daga intanet ba zai sami ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Nijeriya ta riga ta nuna cewa akwai masu kallo. Bino and Fino na Adamu Waziri ya fito daga Abuja tun 2010, fim ɗin Lady Buckit and the Motley Mopsters ya shiga sinima a Disamban 2020, Iwájú kuma ya fito a Disney+ a Fabrairun 2024 da haɗin gwiwar kamfanin Kugali, sai dai kamfanin Cinesite na waje ne ya yi aikin motsa hotunansa. Labari da ƙira na gida ne, sashen fasahar kuwa har yanzu akan nemo shi daga nesa, kuma a nan ne kuɗi mai yawa ke tafiya.

Rigin sana’a ce da ke tsakanin zane da lissafi da rubuta manhaja, domin Blender da Maya duka suna karɓar umarni da harshen Python. Wannan ya sa ta fi kusa da ɗalibin injiniya ko kimiyyar kwamfuta fiye da yadda ake zato, kuma irinsu ne ke cika azuzuwan Gidan Kwano. Ba ta kuma buƙatar na’ura mai tsada irin wadda ake fitar da hoton ƙarshe da ita. Matsakaiciyar kwamfutar tafi-da-gidanka ta isa a gina ƙwarangwal a gwada shi. Ƙwarangwal ɗaya da aka gina da kyau ana iya daidaita shi ga yaro da uba da kaka idan an bi tsarin suna ɗaya ga ƙasusuwan, tafiyar da aka yi wa ɗaya kuma a ɗora wa sauran. Kamfanin da ya mallaki rigin babbar riga ɗaya, na zani ɗaya, da jadawalin bakin Hausa ɗaya, ya rage wa kansa makonni a kan kowane sabon ɗan wasa da marubuci zai ƙirƙiro a zango na biyu.