KYAUTAR OSCAR: YADDA AKE HANGEN WAƊANDA ZA SU SHIGA TAKARA

A farkon kowace shekara, galibi cikin watan Janairu, ana tara ƴan jarida tun da asuba a birnin Los Anjalas na ƙasar Amurka, domin a karanta musu sunayen finafinai da na mutanen da suka samu shiga takarar Oscar, watau kyautar da ta fi kowace suna a fagen sinima. Amma kafin ranar ta zo, an riga an kwashe wata huɗu ko biyar ana gardama a jaridu da gidajen rediyo da talabijin a kan wanda zai shiga da wanda za a bari a waje. Akwai marubutan da ba su da wani aiki a wannan lokaci sai hasashen sunayen, akwai kuma kamfanonin caca da ke karɓar kuɗin mutane a kansu. Aikin nasu ba duba ba ne: yana da alamomi da ƙa'idodi, kuma yana da kyau mai karatu ya san su, domin al'amarin ya shafi finafinan Afirka, har da na Nijar.

Su wane ne masu zaɓe

Ƙungiyar da ke ba da kyautar, wadda ake kira Akademi, an kafa ta a shekarar 1927, ta kuma yi bikinta na farko ran 16 ga Mayu 1929. Masu jefa ƙuri'a a cikinta sun kai wajen 10,000, dukansu ma'aikatan sinima ne, an kuma kasa su rassa bisa ga sana'a. A zagayen farko kowane reshe yana zaɓen nasa: ƴan wasa su zaɓi ƴan wasa, daraktoci su zaɓi daraktoci, marubuta su zaɓi marubuta. Kyautar fim mafi kyau kuwa, kowa yana da ƙuri'a a kanta. A yawancin fannoni suna biyar ake fitarwa, amma a fannin fim mafi kyau goma ne. Ana yin zaɓen a asirce, kamfanin akantoci na PricewaterhouseCoopers ne ke ƙidaya, kuma ba a bayyana yawan ƙuri'un da kowa ya samu.

Saboda haka mai hasashe ba ya ganin ƙuri'a ko ɗaya. Abin da yake nema shi ne ya gane inda hankalin waɗannan mutane ya karkata. Bai isa a ce fim yana da kyau ba. Tambayar ita ce ko masu zaɓe sun kalle shi, ko ya taɓa su, ko kuma suna tunawa da shi ranar da za su cika takarda.

Alamomin da ake bi

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Larabar Oscar ita ce manyan bukukuwan nuna finafinai. Na Kan, a Faransa, ana yin sa cikin Mayu. Na Banis, a Italiya, a ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba. Na Toronto, a Kanada, cikin Satumba. A Toronto ƴan kallo ne da kansu ke zaɓen fim ɗin da ya fi burge su, kuma masu hasashe suna sa ido ƙwarai a kan wannan zaɓe, domin finafinai da dama da suka ci shi sun je sun ci Oscar: Slumdog Millionaire na 2008, The King's Speech na 2010, 12 Years a Slave na 2013, Green Book na 2018, da Nomadland na 2020.

Alama ta biyu ita ce lokacin fitowa. Fim ba ya shiga babbar takara sai an nuna shi a gidan sinima a Amurka cikin shekarar da ake magana a kanta. Shi ya sa kamfanoni suke ajiye finafinan da suke sa rai da su har Oktoba, Nuwamba ko Disamba, domin kada masu zaɓe su manta da su.

Ta uku, cikin Disamba ƙungiyoyin masu sharhin finafinai na New York da Los Anjalas suna fitar da gwanayensu, sa'an nan kyautar Golden Globe ta biyo baya. Waɗannan mutane ba su ne masu zaɓen Oscar ba, amma suna nuna wa masu zaɓe abin da ya kamata su kalla daga cikin tulin finafinan da ke gabansu.

Ta huɗu, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce kyaututtukan ƙungiyoyin sana'a: ta ƴan wasa, ta daraktoci, ta marubuta, da ta masu ɗaukar nauyin fim, tare da kyautar BAFTA ta Ingila. Dalili kuwa shi ne, da yawa daga cikin masu zaɓen Akademi suna cikin waɗannan ƙungiyoyi. Idan sunan mutum ya fito a wajen ƴan wasa, ya fito a BAFTA, ya kuma fito a Golden Globe, da wuya mai hasashe ya cire shi daga cikin biyar ɗinsa.

Alama ta biyar ita ce kuɗi. Manyan kamfanoni suna kashe miliyoyin dalar Amurka wajen talla a jaridu, da shirya kallo na musamman, da yawo da ƴan wasa daga wannan liyafa zuwa waccan. Har yanzu ana ba da misali da shekarar 1999, lokacin da Shakespeare in Love ya kayar da Saving Private Ryan na Steven Spielberg bayan yaƙin talla mai tsanani.

Inda lissafi ya rushe

Duk da waɗannan alamomi, babu shekarar da hasashe bai sha kunya ba. A Janairu 2013, daga cikin mutum biyar da ƙungiyar daraktoci ta fitar, biyu kaɗai Akademi ta ɗauka. Ben Affleck, wanda ya shirya Argo, yana cikin waɗanda aka bari a waje, amma fim ɗin nasa shi ya ci kyautar fim mafi kyau a wata na gaba. A 2024 kuma, fim ɗin Barbie, wanda ya fi kowane kawo kuɗi a 2023, ya shiga takarar fim mafi kyau, amma ba a sa Greta Gerwig cikin daraktoci ba, ba a kuma sa Margot Robbie cikin manyan ƴan wasa mata ba.

Abin da ya fi ba da mamaki ya faru ne ran 24 ga Janairu 2023. Andrea Riseborough, ƴar Ingila, ta samu shiga da wani ƙaramin fim mai suna To Leslie, wanda kafin nan bai kawo ko dalar Amurka 30,000 a gidajen sinima ba. Wasu shahararrun ƴan wasa ne suka yi ta yabon ta ana cikin jefa ƙuri'a. A daidai lokacin, Viola Davis da Danielle Deadwyler, mata biyu baƙar fata da mutane da yawa suka sa rai da su, ba su shiga ba. Akademi ta binciki yadda aka yi kamfen ɗin, ta bar wa Riseborough matsayinta, daga baya kuma ta ƙara tsananta dokokin neman ƙuri'a.

Akwai kuma wanda ya fara da ƙarfi ya ƙare da rauni. A 2025 fim ɗin Emilia Pérez, na Bafaranshe Jacques Audiard, ya shiga takara a wuri 13. Da aka tono wasu tsofaffin rubuce-rubucen ɓatanci da babbar ƴar wasan fim ɗin ta yi, sai farin jininsa ya faɗi. Kyauta biyu kaɗai ya samu.

Masu zaɓe sun sake

Wani abin da ya dagula tsohon lissafi shi ne canjin da aka samu a cikin Akademi kanta. A 2012 jaridar Los Angeles Times ta yi bincike ta gano cewa kashi 94 cikin 100 na masu zaɓe fararen fata ne, kashi 77 kuma maza. A 2015 da 2016, duk ƴan wasa 20 da suka shiga takara fararen fata ne, abin da ya jawo suka mai zafi. Sai ƙungiyar ta buɗe ƙofa: ta gayyaci sababbin mutane 683 a 2016, da 928 a 2018, da yawansu daga wajen Amurka. A 2020, Parasite na Koriya ta Kudu ya zama fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci kyautar fim mafi kyau. Shi ne ya ci babbar kyautar Kan a 2019, kamar yadda Anora ya ci ta a 2024 kafin ya ci Oscar a 2025. Yanzu mai hasashen da bai kula da abin da aka yi a Kan ba, ya yi sakaci.

Rabon Afirka

Ƙofar da ƙasashen Afirka suka fi bi ita ce fannin fim na ƙasashen waje. Kowace ƙasa fim ɗaya take aikawa, ta hannun kwamitin da Akademi ta amince da shi, kuma dole ne mafi yawan maganar da ke cikinsa ta kasance ba da Turanci ba. Daga cikinsu ake tace 15 a Disamba, sa'an nan a fitar da biyar.

Sau uku fim ɗin da ƙasar Afirka ta aika ya ci wannan kyauta: Z, da sunan Aljeriya, a 1970, Noirs et Blancs en couleur, da sunan Kwaddebuwa, a 1977, da Tsotsi na Afirka ta Kudu a 2006. Biyun farko Turawa ne suka shirya su. A 2015 Timbuktu, na Abderrahmane Sissako ɗan Muritaniya, ya shiga cikin biyar. Masu hasashe sun hango shi, domin ya yi takara a Kan a 2014 kuma yana da kamfanonin da suka kai shi gidajen sinima na Turai da Amurka. A ƙarshe Ida na ƙasar Polan ne ya ci.

Nijar ta aika fim a karon farko a 2018: Zin'naariya, na Rahmatou Keïta, labarin wata ɗaliba da ta komo gida masarautar Damagaram daga ƙasar waje. Ƙasashe 87 ne suka aika a shekarar, kuma fim ɗin bai kai zagaye na gaba ba. A 2019 aka fitar da Lionheart na Najeriya daga takara saboda Turanci ya rinjayi Igbo a cikinsa. Bayan haka Najeriya ta aika finafinai biyu da ake magana da Hausa a cikinsu, The Milkmaid a 2020 da Mai Martaba a 2024, amma ba su shiga cikin 15 ba.

Idan aka auna waɗannan finafinai da ma'aunin masu hasashe, za a ga inda gizo yake saƙa. Finafinan Afirka da suka yi nisa a shekarun baya-bayan nan, irin su Timbuktu da Atlantique na Mati Diop, wanda Sanagal ta aika a 2019 bayan ya ci kyauta ta biyu a Kan, sun haɗa abu uku: sun yi fice a babban biki, sun samu kamfanin da zai rarraba su a Amurka, sun kuma samu mai biyan kuɗin talla. Aika fim ga Akademi mataki ne na farko kawai. Ma'aikatun al'adu da masu shirya finafinai da ke son ganin sunan ƙasarsu a jerin Janairu, dole ne aikinsu ya fara tun watanni kafin Mayu, lokacin da ake neman wuri a bukukuwa da kuma abokan ciniki da za su kai fim ɗin gaban idon masu zaɓe.