"Da sauƙi": abin da ya kamata ku sani game da nas mai karantar fuska

Tambayi Bahaushen da ke kwance a asibiti, "Yaya jiki?" Ko ciwo na neman ransa, "Da sauƙi" zai ce. Mai haihuwar fari kuwa kunya kan sa ta cije leɓe, alhali naƙuda ta kai intaha. Nas ɗin da ta rubuta amsar a kati ta wuce, magana kawai ta ji. Wadda ta lura da gumin goshi da yadda aka damƙe bakin zane, ita ce za ta sake auna jini, ta kira likita.

A 1990 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Peter Salovey da John Mayer, suka bayyana wannan basira: mutum ya gane abin da ke ransa da na wani, ya kuma yi aiki da abin da ya gane. Daniel Goleman ya yaɗa batun da littafinsa na 1995. Ba fara'a ake nufi ba. Akwai mai yawan murmushi da ba ta saurare.

Amfanin wannan basira a jinya a fili yake. Tsohon da aka daka wa tsawa ba zai faɗa cewa ya bar ƙwayoyinsa ya koma jiƙo ba, sai a yi ta ƙara masa magani a kan kuskure. Nas ɗin da ta ce masa, "Baba, me kake sha a gida? Faɗa mini, ba faɗa zan yi ba," ita za ta ji gaskiya. Haka matar da aka wulaƙanta a wurin awo takan gwammace ta haihu a ɗaki. Abin ya kai Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa a 2014 kan cin zarafin mata a ɗakunan haihuwa.

Sai dai kar a ɗora wa nas laifin duka. A Ingila, rahoton Robert Francis na 2013 kan asibitin Stafford ya nuna an bar marasa lafiya da ƙishirwa, wasu cikin ƙazantarsu, kuma ya danganta hakan da shugabannin da suka fifita tsimin kuɗi, suka rage ma'aikata. Nas guda da aka bar wa ɗaki cike a aikin dare, ina ta ga lokacin duban fuskar kowa?